GIDA BIYU MAGANIN GOBARA, KO KUWA GOBARAR ALJIHU?

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so in taɓo wata al'ada da muka daɗe muna yi wa kallon hikima da hangen nesa, alhali kuwa idan aka zauna aka yi mata lissafi da alƙalami da takarda, asara ce tsagwaronta. Ina nufin mutum ya gina gida ko ya saya, ya garƙame shi da kwaɗo, ya sa ƙafa ya tafi, gidan ya yi shekara da shekaru ba mai kwana a cikinsa sai jemage da ɓera. Na san maganar za ta sosa wa wasu rai, domin da wuya ka sami dangin da babu irin wannan gida a cikinsu. Namu dangin ma akwai, kuma da shi zan fara, don kada a ce na tsallake sharar ƙofar gidanmu na je ina share ta maƙwabta.

Baffana ya yi aikin gwamnati a Kudu shekaru masu yawa. Duk abin da ya samu sai ya tattara ya aiko gida, yau a sayi bulo, gobe a sayi rodi, har Allah Ya nufa ginin ya kammala: ɗaki huɗu da falo biyu, ga tayil, ga rijiyar burtsatse, ga katanga mai tsawo. Aka yi walima, aka yi addu'a, washegari ya kulle ya koma bakin aiki da iyalinsa. Shekarun farko yakan sauka a ciki da Sallah. Daga baya ya ga share ƙurar gidan kaɗai na cin kwana biyu daga cikin kwana biyar na hutunsa, sai ya koma sauka a gidan kakanninmu, ya dai je ya leƙa nasa ya dawo.

A damina ta uku iska ta ɗaga kwano guda a bayan gidan. Maigadi yana ɗakin bakin ƙofa, ba shi da makullin ciki, saboda haka ba wanda ya sani. Ruwa ya yi ta zuba har silin ɗin ɗakuna biyu ya rufto, katakon rufin ya ruɓe. Wata shekarar maigadin ya tafi ƙauye noma na mako biyu, kafin ya dawo an zare wayoyin wuta daga cikin bango, an kwance kawunan famfo, an ɗauke injin jawo ruwa. Gara kuma ta yi nata aikin a ƙofofi da durowoyin kicin ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Da Baffa ya yi ritaya bayan shekara tara ya dawo zai tare, sai da gyaran ya lashe babban kaso na garatutinsa. Gidan da bai yi kwana ɗari a cikinsa ba, sau biyu ke nan ya biya kuɗin rufinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin waɗannan shekarun ne aka ɗage auren wani ɗan ƙanensa har sau biyu saboda rashin kuɗin kama haya. Da aka yi wa Baffa maganar ya ba shi ɓangare guda ya zauna, sai ya ce shi ba ya son a lalata masa sabon gida. To, ga shi ba kowa ya shiga ba, gidan kuma ya lalace.

MU YI LISSAFI

Mutanenmu suna ɗaukar gida tamkar zinare, wanda za ka ƙulle a tsumma ka jefa ƙarƙashin akwati, bayan shekara goma ka ɗauko shi yadda ka ajiye. Gida ba haka yake ba. Kakanninmu da suka zauna a ginin ƙasa sun fi mu sanin wannan, shi ya sa duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an yi yaɓe, an duba azara, an gyara indararo. Suna da kalma ta musamman ga gidan da mutane suka fita daga cikinsa, wato kango, kuma ba wanda ya taɓa lissafa kango cikin dukiya. Siminti ya jinkirta rushewar ne kawai, bai hana ta ba. Mai zama a gida shi ne yake ganin ɗigon farko ya kira kafinta tun aikin bai wuce ƙusa biyar ba, shi ne yake jin warin waya ta fara ƙonewa, shi ne yake buɗe taga iska ta shiga. Idan babu shi, ƙaramar ɓarna ce take girma a ɓoye, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ɗauki alƙalaminka. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun daga watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata. Idan ka biya maigadi haka, naira 840,000 ke nan a shekara. Idan ka danne masa haƙƙi ka ba shi rabi, kamar yadda da yawa suke yi, naira 420,000 ce, kuma wanda aka ba rabin albashi rabin gadi zai yi. A shekara goma, rabin nan kaɗai ya haura naira miliyan huɗu. Ɗora kuɗin nome ciyawar da take cika tsakar gida duk damina, da maganin gara, da fenti, da kuɗin 'yan sintirin unguwa, da kuɗin motar zuwa dubawa. Ɗora gyara, wanda farashinsa ba ya jiran kowa: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma a watan Disamba na wannan shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ɓarnar da ka ƙi tarewa bara, bana da sabon farashi za ka biya ta.

Sa'annan ga asarar da ba ta da rasit, wadda ita ce mafi girma, wato kuɗin hayar da ba ka karɓa ba da ribar da jarin zai kawo da yana juyawa. Mu ƙaddara gidan ya ci naira miliyan 30, kuma da za a ba da shi haya a karɓi miliyan ɗaya da rabi a shekara. A shekara goma miliyan 15 ke nan ta wuce ka, rabin kuɗin ginin. Ba wanda ya zo ya zare ta daga aljihunka, shi ya sa ba ka ji zafinta ba, amma ta tafi.

Hukuma ma tana da nata kason. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta, abin da kake riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma akwai harajin fili da ake biya duk shekara, ko da mutum a gidan ko babu. Da yawa daga masu gidajen kulle sun manta da wannan haraji, domin takardar neman biya ƙofar kango ake kai ta. A watan Maris na 2025 Hukumar Babban Birnin Tarayya ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya ba. Wanda yake ganin kwaɗonsa ya raba shi da kowa, sai ya sake tunani.

HUJJOJIN MASU KULLE GIDA

Ba zan yi musu rashin adalci ba, suna da hujjojinsu, kuma wasu daga ciki suna da ƙanshin gaskiya. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko sukan ce, ai gida biyu maganin gobara. Gaskiya ne, amma gidan da za ka gudu ka fake a cikinsa ranar gobara shi ne mai rufi da ruwa da wuta. Wanda aka zare wa wayoyi, silin ya rufto, macizai suka yi sheƙa a banɗaki, ba zai karɓe ka a daren ba. Gidan da yake da ɗan haya a ciki ya fi kangonka zama maganin gobara nesa ba kusa ba, domin kuɗin hayarsa zai kama maka wani wurin nan take.

Na biyu sukan ce, naira kullum faɗuwa take yi, gara in zuba kuɗina a ƙasa. Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma duk wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023 zuwa sama da naira 1,500 a 2024 ba zai raina ta ba. Sai dai a nan an cakuɗa abu biyu. Abin da yake tashi shi ne filin, ginin da ke kansa kuwa kullum tsufa yake yi. Idan adana kuɗi kake nufi, fuloti da katanga sun wadatar, ba sai ka sayi tayil da ƙofofin waje ka ajiye wa gara ba. Idan kuwa ka riga ka gina, sanya ɗan haya ba ya hana filin tashi. Mai haya yana cin riba biyu, mai kulle yana cin ɗaya yana biyan gadi daga cikinta.

Na uku sukan ce, ɗan haya ɓarna gare shi, ba ya biya, fitar da shi kuma sai an sha wahalar kotu. Akwai irin waɗannan 'yan haya, ban musa ba, kuma duk wanda yake cikin gidan mutane yana fasa tayil yana toshe magudanar ruwa yana ɓuya ranar biya, ya sani da hannunsa a cikin kulle gidajen da 'yan'uwansa suke nema. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma maganin wannan sananne ne: a bincika mutum kafin a ba shi makulli, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a bayyana wanda gyaran kaza yake kansa, a karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a wakilta amintacce ya riƙa leƙawa. Mu ne muke jin kunyar rubutu, mu ba da gida da baki don ganin ido, idan ta ɓaci mu ce haya ce ba ta da kyau. Kuma ka auna da kanka: ɗan haya mafi muni zai bar maka bango da datti da famfo a karye, ɓarawo da ruwan sama kuwa rufin gaba ɗaya suke ɗauka.

Na huɗu sukan ce, a kulle dai ba mai taɓa mini shi. Ashe? Me ya sa ka ga an rubuta a jikin katangu da jan fenti cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne? Saboda 'yan damfara gidan da ba kowa suke nema, su kai mai saye ya zagaya, su karɓi kuɗi da takardun bogi, mai gida ya wayi gari yana shari'a a kan abinsa. Ko a fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu suke aiki da shi akwai bayanin hauzi: idan bare ya riƙe gida shekara goma yana sarrafa shi kamar nasa, mai shi yana nan yana gani bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Rashin kasancewa a gari uzuri ne, haka nan shaidar cewa aro ko haya aka bayar tana kare mai gida, amma tabbatar da su a gaban alƙali kuɗi ne da lokaci. Ka ga ashe takardar haya kariya ce, sakaci kuma shi ne haɗarin.

Na biyar, wadda ba a cika faɗinta da baki ba, ita ce ta zakka. Sananne ne cewa gidan zama ba a fitar masa da zakka, wanda kuma aka saya don a jira farashi ya tashi, a mazhabar Malikiyya sai an sayar ake fitar da ta shekara guda. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya kai tasa mas'alar gaban malaminsa, amma lissafi kowa yana iya yi. Naira miliyan 30 da take juyawa a kasuwa, zakkarta a shekara naira 750,000 ce, ɗaya cikin arba'in. Wanda ya binne ta a gidan kulle don kada ya fitar, kusan adadin nan zai kashe a gadi da gyara. Ya hana miskini, ya ba gara. Wace irin dabara ce wannan?

Ta ƙarshe ita ce, kuɗina ne, in ga dama in ƙona. A gaban doka haka ne, ba mai kama ka. Amma kai da ka san za a tambaye ka ta ina ka samu kuma ta ina ka kashe, ba kai ne da wannan magana ba. Almubazzaranci bai tsaya ga zubar da shinkafa a bola ranar biki ba, ɗaki huɗu da aka bar wa jemage ma yana ciki.

WA YAKE BIYAN SAURAN?

Da a ce mai gidan ne kaɗai yake ɗaukar asarar, da sai mu yi masa jaje mu wuce. Amma maƙwabta suna biya, domin kango shi ne mafakar 'yan shaye-shaye da maɓoyar kayan sata, ciyawarsa kuma gidan sauro da maciji. Saurayin da yake neman ɗaki da falo ya yi aure yana biya, domin duk gidan da aka janye daga kasuwa ƙara wa sauran tsada yake yi, har mai gida ya sami bakin cewa sai an ba shi kuɗin shekara biyu a dunƙule. Al'umma gaba ɗaya tana biya idan gini ya zama rumbun ɓoye dukiyar da ba a son a tambayi asalinta: a watan Disamba na 2024 kotu ta ba da umarnin ƙwace wani rukunin gidaje 753 a Lokogoma da ke Abuja, a ƙarar da hukumar EFCC ta shigar, a birnin da ƙananan ma'aikatansa suke kwana a Maraba da Suleja saboda haya ta fi ƙarfinsu.

Mafi ban tausayi su ne marayu. Sau nawa muka ga maigida ya rasu, magada suka kasa daidaitawa, aka kulle gidan wai sai an zauna? Shekara biyar, shekara goma, ba a zauna ba. Babban wa yana Abuja ba abin da ya dame shi, ƙanwar da aka saki tana raɓe a gidan miji na wata 'yar'uwa, ƙaramin yaro an kore shi makaranta saboda kuɗin zango, alhali rabonsu yana can ruwa yana cinye shi. Duk wanda yake riƙe da makullin irin wannan gida yana jan ƙafa wajen rabon gado, ya sani kowace damina rage haƙƙin wani take yi, kuma a wuyansa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa gidan kulle nauyi ne a kan jama'a, suka sa masa haraji. Faransa ta fara tun 1999, birnin Bankuba na ƙasar Kanada ya bi sahu a 2017, a Ingila kuma daga watan Afrilu na 2024 ƙananan hukumomi suna da ikon ninka harajin gidan da ya shekara ba kowa. Japan kuwa, ƙidayar 2023 ta nuna tana da gidaje kimanin miliyan tara da ba mai zama a ciki, da yawa na gado ne da suka zame wa 'ya'ya ƙarfen ƙafa. Mu da muke da zumunci da haƙƙin maƙwabtaka, bai kamata sai an sa mana haraji za mu buɗe ƙofa ba.

MAFITA

Ƙofofi huɗu ne a gabanka, ya mai gidan kulle, ka zaɓi wadda ta fi maka. Ka ba da haya da rubutacciyar yarjejeniya, in kana son wurin sauka da Sallah ka keɓe ɗaki guda ka riƙe makullinsa. Ko ka ba ɗan'uwa ko malamin makarantar unguwa aro ya zauna da sharaɗin kula da gyara, shi ma a rubuce, ka huta da albashin maigadi ka sami lada. Ko ka sayar ka zuba kuɗin a abin da yake motsi, ka daina jin kunyar a ce wane ya sayar da gida, domin masu faɗin haka ba su ne za su saya maka kwano ba. Ko kuwa, idan Allah Ya yalwata maka, ka mayar da shi waƙafi, ya zama makaranta ko masaukin marayu ko a riƙa karɓar hayarsa ana yi wa mabuƙata hidima. Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da takwarorinsu an kafa su ne don irin wannan.

Kai kuma matashi ɗan'uwana, da kake aiki a Legas ko Fatakwal ko wata ƙasar waje, kana tara 'yan kuɗi kana mafarkin bene a garinku don a san ka isa, ka tsaya ka tambayi kanka kafin ka sayi bulon farko: wa zai kwana a gidan nan daren da aka gama fenti? Idan ba ka da amsa, ba gida kake shirin ginawa ba, ma'aikaci kake shirin ɗauka wanda ba ya aiki sai karɓar albashi. Ka gina daidai buƙatarka, ko ka gina abin da masu haya suke nema a wurin da suke nemansa, ka fitar da shago ko biyu a gaba su riƙe gyaran sauran. Masu tafa maka ranar walima kallon kitse suke yi wa rogo, kuma ranar da silin ya rufto kai kaɗai za a kira a waya.

Baffana yana cikin gidansa yanzu, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ɓangaren da ya hana ɗan ƙanensa, wani malamin firamare ne yake haya a ciki, kuma da kuɗin ake sayen maganinsa na hawan jini duk wata. Da kansa ya ce mini in rubuta wannan, ko wani zai ji ya buɗe nasa tun kwano bai ɗaga ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba marar gida gida, Ya ba mai gida ikon sauke haƙƙinsa, Ya sa abin da muka tara ya zama hujja gare mu ranar hisabi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne.